Gajimare a Kan Ƙanƙarar Teku: Tauraron Ɗan'adam, ERA5, Tashar Gaɓa Ko Bayanan Jirgi, Wanne Za Ka Dogara Da Shi?

Duk ɗalibi ko mai binciken da ya ɗauki batun gajimare da ƙanƙarar tekun Aktik, wanda ke can ƙuryar arewacin duniya, ba ya daɗewa sai ya tsinci kansa a mararraba. Tambayar kanta gajeriya ce: zafi nawa ke shiga ƙanƙarar, nawa ke fita, kuma mene ne hannun gajimare a ciki? Amma rumbunan da za a ɗebo amsar suna da yawa, kowanne da masu yabonsa, kuma alƙalumansu ba sa bakin juna. Kusan dukkansu kyauta ake saukewa a intanet, don haka ba aljihu ne zai yanke maka hukunci ba. Abin da za ka biya shi ne lokacinka, da kuma sunanka idan ka gina bincike a kan lambar da ka ɗauka awo ce alhali hasashen kwamfuta ce.

Abin da ake ƙoƙarin aunawa

Manyan ƙofofin da zafi ke bi guda huɗu ne. Akwai hasken rana mai saukowa, da wanda farin ƙanƙara ke mayarwa sama. Akwai hucin da sararin sama ke saukarwa, da wanda ƙanƙarar ke fitarwa. Huci a nan shi ne zafin nan da kowane abu ke fitarwa ba tare da ido ya gan shi ba, dare da rana. Iska ma tana kai zafi tana kawowa, ruwan da ke ƙarƙashi yana turo nasa ta cikin ƙanƙarar, amma waɗannan huɗun su ne ke riƙe da mafi yawan lissafin. Ana auna su da wat a kan kowace murabba'in mita.

Gajimare yana aiki biyu masu karo da juna: laima ne da ke tare hasken rana, kuma bargo ne da ke mayar da huci ƙasa. Idan aka haɗa duniya gaba ɗaya, tarewar ce ke rinjaye, wato gajimare yana sanyaya duniya. A kan ƙanƙarar teku lamarin ya juye. Na farko, rana takan ɓace na tsawon watanni, don haka babu hasken da za a tare. Na biyu, ko ta fito, sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta, saboda haka abin da gajimare ya hana isowa dama ba zai zauna ba. Awon da aka yi a shirin SHEBA, inda wani jirgin bincike ya shekara a cikin ƙanƙarar, daga Oktoban 1997 zuwa Oktoban 1998 ya nuna cewa gajimare ɗumama ƙanƙarar yake yi a kusan dukkan shekara, in ban da 'yan makonni a tsakiyar bazara. A waɗannan makonnin dusar ta narke, tsurar ƙanƙara tana mayar da abin da bai fi rabi da ɗoriya ba, kududdufan narkakken ruwa sun fi haka duhu, buɗaɗɗen teku kuwa yana shanye fiye da kashi 90.

A hunturu kuma, sararin saman yankin yakan zauna a ɗaya daga hali biyu. Idan sama ta washe, ƙanƙarar tana asarar kusan wat 40 na huci. Idan gajimare mai kauri ya rufe ta ƙasa-ƙasa, asarar takan dawo kusan sifili. Abin da ke sa gajimaren ya yi wannan ƙarfin shi ne ɗigon ruwan da bai daskare ba, kuma an iske irin wannan ruwa a cikinsa har a sanyin da ya zarce digiri 30 ƙasa da sifili. Ka ga kenan sanin cewa akwai gajimare bai wadatar ba. Sai an san ruwa ne a cikinsa ko ƙwayoyin ƙanƙara, kuma a wane tsayi yake.

Lamba ɗaya ya kamata ka riƙe a ka kafin ka duba kowane rumbu. Rarar wat 1 tak a murabba'in mita, idan ta ɗore shekara guda, ta isa ta narkar da ƙanƙara mai kaurin kusan santimita 10. Kuskuren wat 10 kenan ya kai mita guda, alhali ƙanƙarar da ta daskare a hunturu ɗaya ba kasafai take wuce mita 2 ba.

Ma'aunan da za mu bi

Na farko, kuma shi ne uban sauran: lambar da za ka samu, na'ura ce ta auna ta a saman ƙanƙarar, ko kuwa lissafo ta aka yi daga wani abu dabam? Na biyu, shin hanyar tana gani a daren hunturu? Na uku, tana kama gajimaren ƙasa-ƙasa mai ruwa? Sai faɗin wurin da ta rufe, da ɗorewarta, wato shekara nawa ta tara ba yankewa kuma ko za ta ci gaba. Sannan kuɗi da wahalar aiki da ita. Na ƙarshe shi ne haɗari, ina nufin inda take yaudarar mutum ba tare da ta yi masa ishara ba.

Taurarin ɗan'adam masu kallo kawai: CERES da MODIS

Na'urorin CERES na hukumar NASA suna kan taurarin Terra, da aka harba a Disamban 1999, da Aqua na Mayun 2002, daga baya aka ƙara wasu a kan Suomi NPP da NOAA-20. Rumbunsu da aka fi amfani da shi, EBAF, ya fara daga Maris na 2000, wata-wata, a kan taswira mai gidaje na digiri ɗaya. Kyauta ne bayan rajista, fayilolin ba su da nauyi, kuma mutum zai iya zana taswirarsa ta farko a yini guda. Ya rufe tekun gaba ɗaya, kuma da yake taurarin ta kan ƙuryoyin duniya suke zagayawa, suna ratsa yankin sau da yawa a rana.

Ga inda gizo ke saƙa. Abin da CERES ke aunawa shi ne haske da hucin da ke fita daga can saman sararin samaniya. Lambobin da yake bayarwa na saman ƙanƙara lissafi ne, an haɗa su daga siffar gajimaren da kyamarar MODIS ta gani da kuma bayanan zafin iska na wata manhajar. Ita kuwa MODIS tana shan wahala a nan fiye da ko'ina. Da rana, farin gajimare ne a kan farar ƙanƙara. Da dare, sai dai ta dogara da bambancin zafi, kuma a hunturun Aktik iskar da ke sama kaɗan takan fi ta ƙasa ɗumi, har gajimare ya yi daidai da ƙanƙarar a zafi ko ya fi ta. Dokar da ke aiki a sauran duniya, cewa abu mai sanyi a hoto shi ne gajimare, ta rushe kenan.

Ta fuskar ɗorewa ba a magana: fiye da shekara 20 a jere. Sai dai Terra da Aqua, waɗanda aka ƙera don shekara 6, sun tsufa, kuma lokacin da suke ratsa kowane wuri ya fara gocewa. Mai neman ƙaramin sauyi a shekarun baya-bayan nan ya karanta takardun bayanin rumbun da kyau kafin ya yi shela.

A ganina, CERES abin dogaro ne idan tambayarka a kan hasken da yankin ke shanyewa a bazara ne. A kan hucin da ke sauka a watan Janairu, shaida ce mai buƙatar mai gaskata ta.

Taurari masu harba nasu hasken: CloudSat, CALIPSO da EarthCARE

A ranar 28 ga Afrilun 2006 aka harba CloudSat da CALIPSO a roka ɗaya. Na farko yana ɗauke da radar, na biyu da lidar, wato na'ura mai harba hasken leza ta saurari dawowarsa. Da yake da fitilarsu suke tafe, duhu bai dame su ba, fari a kan fari ma bai ruɗa su ba. Su ne suka fara nuna tsarin gajimaren Aktik daga sama zuwa ƙasa a faɗin tekun, kuma lidar tana iya bambance ɗigon ruwa da ƙwayar ƙanƙara.

Gazawarsu uku ce, kuma kowacce ta taɓa batunmu kai tsaye. Hanyarsu ba ta wuce layin digiri 82 na arewa, don haka tsakiyar tekun, inda tsohuwar ƙanƙara take, babu su a can. Abin da suke gani siririn layi ne a ƙarƙashinsu, ba shimfiɗa ba, sai an tara watanni kafin a sami taswira mai ma'ana. Sannan radar tana ruɗewa da amsa-kuwwar doron ƙanƙarar a 'yan ɗaruruwan mitocin ƙarshe, lidar kuma ba ta huda gajimare mai kaurin ruwa. Wato daidai inda gajimaren da ya fi muhimmanci yake zama, nan ne idonsu ya fi rauni.

Akwai wani abin da sabon shiga yakan tsallake. A Afrilun 2011 batirin CloudSat ya samu matsala, daga nan ya koma aiki a ɓangaren hasken rana kaɗai. Don haka cikakken tarihin daren hunturu na taurarin biyu tare bai wuce daga 2006 zuwa farkon 2011 ba. Dukansu sun kammala aiki a 2023. Magajinsu shi ne EarthCARE na hukumomin sararin samaniyar Turai da Japan, wanda aka harba a ƙarshen Mayun 2024 da radar da lidar da kyamara da ma'aunin haske da huci duk a jiki ɗaya. Tsari ne mai kyau ƙwarai, amma tarihinsa gajere ne tukuna, kuma shi ma bai kai ƙuryar arewa ba.

Kuɗi babu. Wahala kuwa akwai: fayiloli ne na zagaye-zagaye masu ɗimbin yawa, sai wanda hannunsa ya faɗa da rubuta manhaja.

ERA5 da 'yan'uwansa

Wannan shi ne wanda kowa ke fara rugawa gare shi, kuma da dalili. Cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, ce ke haɗa shi ƙarƙashin shirin Copernicus na Tarayyar Turai. Ana ɗaukar manhajar hasashen yanayi a sake tafiyar da ita a kan shekarun baya, ana gyara mata hanya da duk awon da aka samu. Sakamakon ya fara daga 1940 zuwa yau, awa-awa, a gidaje na kimanin kilomita 31, babu rami, babu dare, babu layin digiri 82. Duk ƙofofin nan huɗu suna ciki, da lambobinsu tsaf. Amurka tana da nata, MERRA-2, daga 1980, Japan ma tana da JRA-55 daga 1958.

Tsaf ɗin nan shi ne tarkon. Matsin iska da alƙiblarta a ERA5 suna da awo mai yawa a bayansu, amma gajimare da huci manhajar ce ke haifar da su da kanta. Kuma yadda take kallon ƙanƙarar teku ya yi sauƙi da yawa: faranti ne mai kauri ɗaya, mita 1.5, babu dusar ƙanƙara a kansa. A zahiri dusar ce ke toshe zafin ruwan ƙasa kada ya ratso. Da aka cire ta, sai saman ƙanƙarar ya fito da ɗumi fiye da gaskiya a daren da sama ta washe, kuma an ga tazarar ta kai digiri 5 zuwa 10 a irin waɗannan rumbunan. Yi lissafin da kanka. Abu mai sanyin digiri 30 ƙasa da sifili yana fitar da huci kusan wat 198. A digiri 25 ƙasa da sifili, kusan 215. Tazarar digiri 5 kaɗai ta haifar da wat 17, kuma ka riga ka san abin da wat 17 ke nufi ga kaurin ƙanƙara. Ban da haka, manhajojin yanayi da yawa suna saurin daskarar da ruwan gajimare, sai halin nan biyu na hunturu ya dagule ya koma wani tsaka-tsaki da ba kasafai ake ganinsa a fili ba.

Tsawon tarihinsa ma a bi shi a hankali. Kafin 1979 awon da ake ciyar da manhajar a wannan yankin kaɗan ne, kuma duk lokacin da sabon tauraro ya shigo, lambobin kan iya motsawa ba don yanayi ya sauya ba.

Ba wai a yar da shi ba ne. Idan kana son ka bi sawun guguwa, ko ka ga yadda iska mai ɗumi da laima ke kutsowa daga Atlantika ta mashigar Fram, tsakanin Greenland da tsibiran Svalbard, har ta lulluɓe ƙanƙarar da gajimare na 'yan kwanaki, babu kamarsa. Yana gaya maka yaushe abu ya faru da kuma daga ina ya zo. Nawa ne ainihin wat ɗin, wannan ka tambayi wani.

Tashoshin gaɓa

A nan ne ake samun awo na haƙiƙa mai dogon tarihi. Utqiaġvik a arewacin Alaska, wanda a da ake kira Barrow, yana da tashar NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, tun 1973, kuma shirin ARM na ma'aikatar makamashin Amurka ya kafa radar da lidar masu kallon sama a can tun ƙarshen shekarun 1990. Ny-Ålesund a tsibiran Svalbard, wajen layin digiri 79 na arewa, yana cikin BSRN, tsarin tashoshin auna haske da huci na duniya, tun 1992. Akwai Alert da Eureka a Kanada, da Tiksi a gaɓar Rasha, ko da yake haɗin gwiwar kimiyya tsakanin Rasha da ƙasashen Yamma ya yi rauni tun 2022. Bayanan minti-minti ne, kyauta, kuma masu sauƙin karantawa. Da yake daga ƙasa suke kallo, gajimaren da tauraro ke kasa gani shi ne farkon abin da suke cin karo da shi.

Babbar fa'idarsu ita ce akwai mutum a wurin. Raɓa mai daskarewa takan lulluɓe gilashin ma'aunin, sai ya riƙa ba da lambar ƙarya, kuma duk da fanka da na'urar ɗumamawa, sai an sami mai zagayowa yana gogewa.

Aibinsu ɗaya ne amma babba: ba a kan teku suke ba. Abin da suke aunawa yana tasowa daga ƙasa na tudu ne, wanda dusarsa ke narkewa a nata lokacin ta bar baƙar ƙasa. Hatta hasken da ke saukowa bai tsira ba, domin a kan farin fili haske yakan yi ta kai-komo tsakanin ƙasa da gindin gajimare, sai adadin da ma'auni ya gani ya ƙaru. Ny-Ålesund kuwa a cikin lungun teku yake tsakanin duwatsu, ga ruwan ɗumi na Atlantika yana wucewa ta yammacinsa. Wanda ya ɗauki lambarsa ya ce haka tsakiyar Aktik take, ya yi nisa da gaskiya.

Jiragen da aka bari ƙanƙara ta tafi da su

Dabarar tsohuwa ce. Fridtjof Nansen ya bar jirginsa Fram ya daskare a cikin ƙanƙara daga 1893 zuwa 1896, Tarayyar Sobiyet kuma ta fara kafa sansanoni a kan ƙanƙara mai tafiya a 1937. A zamanin na'urorin yanzu, uku ne aka fi komawa gare su. SHEBA, inda jirgin Kanada mai fasa ƙanƙara, Des Groseilliers, ya shekara a tekun Beaufort da Chukchi. N-ICE2015, inda jirgin Norwe mai suna Lance ya yi daga Janairu zuwa Yunin 2015 a arewacin Svalbard. Sai MOSAiC, mafi girmansu, ƙarƙashin cibiyar Alfred Wegener ta Jamus da jagorancin Markus Rex: jirgin Polarstern ya bar Tromsø ranar 20 ga Satumban 2019, ya koma Bremerhaven ranar 12 ga Oktoban 2020, ƙasashe 20 suka haɗa hannu, kuɗin kuma ya kai kimanin Yuro miliyan 140.

A ma'auni uku na farko babu mai ja da su. Awo ne a kan ƙanƙarar kanta, cikin dare da rana, duk ƙofofi huɗun a lokaci guda, ga radar da lidar a kan jirgi suna faɗin abin da ke sama, ga balan-balan ɗin awo ana saki sau da yawa a yini, ga masu auna kaurin dusar da ƙanƙarar da hannu. Nan kaɗai ne za ka iya ɗaukar awa guda ka ce: ga gajimaren da ya zo, ga ruwan da ke cikinsa, ga yadda huci ya ƙaru, ga yadda saman ƙanƙarar ya ɗumama. Gani ya kori ji. Kuma tun farkon 2023 bayanan MOSAiC a buɗe suke ga kowa, akasarinsu a rumbun PANGAEA. Waɗancan miliyoyin wasu suka biya, kai saukewa ce taka.

Raunin yana wajen faɗi da ɗorewa. Shekara ɗaya ce, a kan hanya ɗaya. Da yake jirgin tafiya yake tare da ƙanƙarar, lokaci da wuri suna sauyawa tare, har ya yi wuya ka ce bambancin Disamba da Afrilu na watan ne ko na wurin. Kwatanta SHEBA da MOSAiC don a nuna sauyin shekara 22 ma haɗari ne, domin ɓangarorin teku ne dabam da ƙanƙara iri dabam. Akwai kuma ramuka. Annobar korona ta tilasta wa Polarstern barin sansaninsa daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Yunin 2020 don sauya ma'aikata a Svalbard, daidai lokacin da narkewa ke kankama, sai na'urorin da aka bari su kaɗai suka ci gaba. A ƙarshen Yuli falalen ƙanƙarar da suke kai ya farfashe a mashigar Fram, jirgin ya nausa arewa, ya ratsa ƙuryar duniya ranar 19 ga Agusta, ya kama wani falalen dabam don ya ga farkon daskarewa. Saboda haka bayanan watannin ƙarshe ba ci gaban na farko ba ne. Ga tsagewar ƙanƙara da ke yanke wayoyi, ga hayaƙin jirgin da kan gurɓata awo idan iska ta juyo. Duk an yi musu alama a fayilolin, amma sai wanda ya karanta alamar.

Wahalar aiki matsakaiciya ce zuwa babba, domin kowace ƙungiya da tsarin fayilinta.

Na'urorin dasa-ka-tafi da jiragen sama

Waɗannan ƙari ne, ba ginshiƙi ba. Na'urorin da ake dasawa a ƙanƙara a bar su suna aiko da bayani ta tauraro suna da kyau wajen kaurin ƙanƙara da zafinta, kuma hanya ce da ƙaramar ƙungiya za ta iya sayen nata awon. Amma kaɗan ne ke ɗauke da ma'aunin haske, kuma babu mai goge gilashi, babu mai miƙe ta idan ta karkace. Da rana a ƙasa-ƙasa, ɗan karkacewa kaɗan ya isa ya ɓata awon. Jiragen sama, irin Polar 5 da Polar 6 da suka yi shirin ACLOUD daga Longyearbyen na Svalbard a Mayu da Yunin 2017, suna shiga cikin gajimaren kansa, amma na 'yan makonni ne, kuma galibi a lokacin haske.

| Hanya | Awo ko lissafi a saman ƙanƙara | Daren hunturu | Gajimaren ƙasa-ƙasa | Faɗi | Tsawon tarihi | Wahala | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|---|
| CERES da MODIS | Lissafi | Rauni | Rauni | Duk tekun | 2000 zuwa yau | Kaɗan | Ɗaukar lissafi a matsayin awo |
| CloudSat da CALIPSO | Lissafi | Ƙarfi, zuwa 2011 | Matsakaici | Zuwa digiri 82 | 2006 zuwa 2023 | Babba | Makanta dab da ƙanƙara |
| EarthCARE | Lissafi | Ƙarfi | Matsakaici | Bai kai ƙurya ba | 2024 zuwa yau | Babba | Gajeren tarihi |
| ERA5 | Lissafi | Akwai lamba, da kuskure | Rauni | Duk tekun | 1940 zuwa yau | Kaɗan | Ɗumin ƙarya a saman ƙanƙara |
| Tashoshin gaɓa | Awo, amma a tudu | Ƙarfi | Ƙarfi | Wuri ɗaya | Gomman shekaru | Kaɗan | Gaɓa ba teku ba ce |
| SHEBA, N-ICE2015, MOSAiC | Awo | Ƙarfi | Ƙarfi | Hanya ɗaya | Shekara ɗaya ko ƙasa | Matsakaici zuwa babba | Mai da shekara ɗaya doka |

Idan kudu ka nufa

Lissafin ya ɗan sauya a Antaktika. Ƙanƙarar tekun can zobe ce da ta kewaye nahiyar, mafi yawanta tana narkewa kowace shekara, kuma tana cikin iyakar da CloudSat da CALIPSO suka rufe, don haka darajarsu ta ƙaru. Dusa ta fi zama a kanta, kududdufai ba su da yawa. Awon kan ƙanƙara kuwa ya fi na arewa ƙaranci nesa ba kusa ba: akwai sansanin tekun Weddell na haɗin gwiwar Amurka da Rasha a 1992, da shirin ISPOL na Polarstern a ƙarshen 2004, sai tashoshin gaɓa irin Neumayer na Jamus da Syowa na Japan. Kuma a tekun kudu ne manhajojin yanayi suka yi ƙaurin suna wajen rage ruwan gajimare har hasken rana ya yi yawa a lissafinsu.

Wa ya dace da wanne

Ɗalibin da ke da zango ɗaya ko biyu, kuma yana son ya fahimci yadda abin yake aiki, ya fara da MOSAiC ko SHEBA. Ya zana hucin hunturu awa-awa har ya ga halin nan biyu da idonsa. Wanda ya taɓa ganinsu, taswira mai santsi ba za ta sake ruɗinsa ba.

Mai tambayar yadda raguwar ƙanƙara ta ƙara hasken da tekun ke shanyewa, musamman a shekaru irin 2007 da 2012 da ƙanƙarar Satumba ta yi mummunan ja da baya, ya ɗauki CERES, ya tsaya a lambobin saman sararin samaniya da watannin haske, ya haɗa da taswirar yawan ƙanƙara da ake da ita tun 1979.

Mai son sanin ko gajimare yana ƙaruwa inda ƙanƙara ta janye, CloudSat da CALIPSO ne nasa, domin su ne ba sa ruɗewa idan ƙasan ta sauya daga fari zuwa baƙi. Da su ne aka nuna cewa amsar ta fi bayyana a kaka fiye da tsakiyar bazara. Idan hunturu yake so, ya san cewa shekarunsa ba su kai biyar cikakku ba.

Mai bin guguwa da kutsowar iska mai laima ya yi amfani da ERA5 wajen gano ranaku da hanyoyi, sannan ya ɗauko adadin hucin daga Ny-Ålesund ko Utqiaġvik ko jirgin da ke kusa a lokacin.

Mai neman sauyi na gomman shekaru a hucin da ke saukowa ba shi da abin da ya fi tashoshin gaɓa, da sharaɗin ya rubuta sunan tashar a kan sakamakonsa, kada ya rubuta sunan tekun.

Mai gina manhajar ƙanƙara ko gwada ta yana buƙatar biyu: ERA5 don tura ta a faɗin tekun, da shekarar MOSAiC don ya ga girman kuskuren da ya shigo da shi, ya gyara zafin hunturun kafin ya yarda da kaurin da ta ba shi.

Ƙungiyar da ke da kuɗin sayen kayan awo kuwa, kada ta zuba shi duka a kan ma'aunin haske da za a dasa a tafi. Ta nemi gurbi a jirgi ko tashar da ke da ma'aikata, ta sayi mai fanka da na'urar ɗumamawa da ma'aunin karkata, ta kuma ware albashin wanda zai riƙa goge gilashin kowace safiya.